Ranar da Jan-baki Suka Sauka a Shinkafarmu

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma tsuntsayen jan-baki suka sauka a shinkafarmu. Na san lokacin ne domin agogon da aka saya mini saboda jarrabawa yana ɗaure a hannuna, kuma a shekarar na kamu da ciwon duba shi. Ina tafe a kan gaɓa, ɗauke da kwanon furar Baffa, sai na hango su sun taso daga cikin ciyawar kachala kamar hayaƙi. Suka yi kwana a sama, suka zubo.

Baffa yayan mahaifina ne. Shi ke gadin gonar da ke fadama, bayan garin Haɗeja, duk lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Yana zama a 'yar rumfa da aka ɗaga a kan sanduna, igiyoyi sun bazu daga ita zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Da ya fizga, gonar gaba ɗaya sai ta ɗauki ƙara. Manoman yankin sun san shi da cewa tun tsuntsu bai yanke shawarar sauka ba yake jan igiya.

Ran nan igiyar tana kan cinyarsa. Kansa a sunkuye, idonsa a kan waya.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ko a aji sai malami ya ce in maimaita. Na buɗe baki, ihun ya ƙi fita. Sai na dire kwanon, na kama igiyar da ta fi kusa da ni na yi ta girgizawa, har maƙwabtan gona suka rugo da ihu da majajjawa. Kafin a kore su, gefen gabas ya zama ƙaiƙayi.

Baffa ya tura wayar aljihu. Ya sauko, ya murza zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hure. Furar ma bai sha ba.

A gida aka shiga lissafe-lissafe. Inna ta ce barci ne. Wani maƙwabci ya ce ai tsufa haka yake farawa, yau a manta tsuntsu, gobe a manta hanyar masallaci. Wannan ita ce ta tsaya wa Baba a rai. Ba zai iya tambayar yayansa ba, tun tasowarsu bai taɓa ce masa "don me" ba. Sai na ji yana gaya wa Inna cewa ranar Asabar zai ɗauko wani ya karɓi gadin, a ce wa Yaya ya huta.

"Huta?" in ji Inna. "Ka kashe shi dai da ransa. Ruwa ya tafi, yanzu kuma rumfar?"

Da, Baffa masunci ne. Kachala ce ta toshe rafin da yake shiga da kwalekwalensa, har ya kife shi a bayan ɗaki ya koma gona. Gadin nan shi ne abin da ya rage masa wanda ake cewa ba kamarsa.

Baba ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa da littafi. "Ke da yake sakin jiki da ke," ya ce, "ki ɗan lura mini da shi. Kada ki ce ni na aike ki."

Ko bai aike ni ba zan je. Abin ya tsaya mini. Wayar kuwa, ɗansa ne da ke aiki a Kano ya aiko masa da ita, yana kuma sa masa data daga can. Amma ban taɓa sanin Baffa da son kallo ba. Sanda muke yara, in an tayar da janareta an sa faifan fim a tsakar gida, kowa yakan kawo tabarmarsa, har matan maƙwabta. Shi sai ya tsaya daga zaure ya ce mu gaishe masa da 'yan rawa. Sinima kuwa ya ce ko ƙofarta bai taɓa bi ba, domin a zamaninsu ɗan mutunci ba ya shiga. Yanzu da ba a shimfiɗa tabarma, kowa ya ƙule a ɗakinsa da tasa wayar, me ya samu a ciki da ya fi shinkafa?

Washegari na kai fura, na zauna a gindin rumfar. Wayar tana aljihunsa. Ya ja igiya ya fi a ƙirga, har da lokacin da ba ko tsuntsu ɗaya. Na shirya tambayata tun daga gida, na ma gyara ta a hanya, amma na dawo da ita yadda na tafi da ita.

Ranar Juma'a na sake komawa. Bayan ya sha furar ya leƙo ƙasa.

"Uwata," ya ce, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, "kin zo gadin tsuntsu ne ko gadin tsoho?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baffa, so nake in ga abin da kake kallo."

Ya yi dariya, ya ce in hau. Ya ba ni igiyar na riƙe, ya buɗe wayar da babban yatsa, a hankali, kamar mai ɓare ƙwai. Wasu mutane ne a wata ƙasa mai nisa, a kan ruwa mai faɗi wanda ba ko tsinken ciyawa, suna jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi. Ba ya jin yarensu, ni ma haka.

"Dubi wannan," ya ce. "Rago ne. Da kafaɗa yake jifa, ba da ƙugu ba. Amma wancan tsohon na baya, kai! Ya san ruwa. Shekaranjiya na ga yana ɗinkin koma, irin ƙullin da mahaifinmu ke yi sak. Wa ya koya masa?"

Muka kalla tare, ido ɗaya a waya, ɗaya a sama. Mutanen suka ja kifinsu, suka nufi gaɓa. Na ɗauka an gama. Sai wata 'yar da'ira ta fito a tsakiya tana zagayawa, kafin in ce wani abu ga wasu masuntan a wani kogin, har sun fara magana. Baffa ya gyara zama.

Na dubi agogona, biyar ta kusa. Na tuna gobe Asabar. Na ce da ƙasa-ƙasar murya, "Baffa, ran nan... ba ka ji su ba ne?"

Ya karɓi igiyar daga hannuna, ya fizga, gwangwanaye suka amsa har ƙarshen gona. Sannan ya kife wayar a cinyarsa, mutanen ciki suna ta surutunsu.

"Na ji su, Uwata. Tun suna cikin kachala na ji su. Cewa na yi bari mutumin ya kai aya. A talabijin ɗin da na sani, in mai magana ya gama sai ya yi maka sallama, a rufe tasha, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ban saba tashi mutum yana tsakiyar magana ba. Na yi ta jiran sallama, wannan ya gama wancan ya karɓa. Ashe su ba sa sallamar baƙo. Je ki gaya wa ƙanena hankalina ƙalau yake, kada ya wahalar da kansa gobe. Amma kafin ki sauka, nuna mini inda ake danna musu su yi shiru."