Yadda Na Rufa wa Malam Asiri

A hutun ƙarshen shekarata ta uku a jami'a na samu shiga wani shiri da ake yi wa ɗaliban kwamfuta ta intanet. Masu shirin aikin bazara suke ce masa. Bazarar tasu kuwa ta faɗo a tsakiyar daminarmu, don haka ni a Suleja na yi tawa bazarar da bokiti a gefena, ina tarar yoyon kwano.

Ga yadda abin yake. Wasu masu bincike ne suka rubuta babbar manhaja, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, sauran manhajoji su hau kanta. Tasu ba ta kallon fim ba ce, ta gwaje-gwaje ce, kuma a buɗe take: duk layin da aka rubuta kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ma caccaki wanda ya rubuta in ya ga dama. Sai suka fitar da jerin ayyukan da suke so ɗalibai su yi musu a hutu. Ka zaɓi ɗaya, a haɗa ka da malami, a tsakiyar zango a duba aikinka. In ya yi, ka ci gaba har ƙarshe, sunanka ya shiga cikin waɗanda suka gina manhajar. In bai yi ba, a sallame ka cikin ladabi. Ni sunan nan nake so, ba na ɓoyewa. A sashenmu ba a taɓa samun wanda ya shiga ba, kuma na riga na gaya wa duk wanda ya yi kuskuren tsayawa ya gaishe ni.

Na karanta jerin ayyukan nan sau uku. Waɗanda suka rubuta wa “mai sauƙi” ko kanun maganarsu ban gane ba. Wani a sa manhajar ta yi aiki a kan wata na'ura da ko hotonta ban taɓa gani ba, wani kuma an ce yana buƙatar intanet mai ƙarfi, na ce Allah Ya ba mai rabo. Can ƙasa sai na ga nawa: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiye fayil, a sa manhajar ta iya dawo da shi bai lalace ba. Suka ƙara da cewa ɗalibi zai buƙaci ya ƙirƙiri sabuwar hanyar kwaikwayon ɗaukewar wuta. Kwaikwayo! Na yi dariya har Umma ta leƙo ta tambaya ko lafiya. A takardar neman shiga na rubuta musu cewa mu a unguwarmu ta Bagama ba ma kwaikwayo, na gaske muke yi, kuma ba sau ɗaya a rana ba. Ina jin wannan ne ya sa suka ɗauke ni. Karo na farko ke nan da masu wuta suka amfane ni da wani abu.

Baba tela ne, shagonsa a zauren gidanmu yake. A nan, a wani lungu, na kafa tsohuwar kwamfutata ta tebur, wadda ba ta da batir, wuta na ɗaukewa sai ta mutu nan take. Yana taka kekensa, ina danna tawa. Baba na da labari ɗaya da yake ba duk wanda ya zauna a bencinsa fiye da minti goma, kuma ni tun ina rarrafe nake jinsa. Wai lokacin da yake koyon ɗinki, maigidansa ya tsufa, idonsa ya fara raguwa, yakan karkace yanka. Baba bai taɓa cewa uffan a gaban mai kaya ba. Sai ya karɓi yadin ya yi dabara, ya ƙara tattara a nan, ya ɓoye karkacewar a ƙarƙashin aljihu, mai riga ya zo ya yi ta yabon hannun tsoho. “Haka ake zama da na gaba, Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. “A rufa masa asiri.” Na haddace shi tsaf, har da inda yake tsayawa ya gyara tabarau.

Malamin da aka haɗa ni da shi wani dattijo ne a wata ƙasa mai sanyi, kuma shi da kansa ya rubuta ɓangaren ajiye fayil shekarun baya. A saƙonsa na farko ya ce in riƙa kiransa da sunansa kawai. Ni? Mutumin da ya girmi Baba? Tabɗi. Malam na ce masa, kuma Malam ya zauna. Nakan buɗe saƙona da gaisuwa yadda aka koya mini, in tambayi iyali, in tambayi aiki, in tambayi sanyi, in yi masa addu'a. Shi kuma ya amsa: “Lafiya. Ina aka kwana kan aikin?” Kai ka ce a bakin mota muka haɗu.

A mako na biyu hadari ya taso daga wajen Dutsen Zuma da hantsi, masu wuta suka yi abin da suka saba tun kafin ɗigon farko. Da ta dawo na kunna, sai na tarar da fayil ɗin da manhajar ta ce mini ta ajiye, babu komai a cikinsa. Na sake gwadawa kwana uku, tunda abokan aikin nawa, masu wuta, ba sa fashi. Sau biyu abin ya sake faruwa. Na bi rubutun manhajar layi-layi har na iso wurin. Layi biyu ne kacal. Na farko yana shelar cewa an ajiye, na biyu shi ne yake ajiyewar ta gaskiya. Kamar tela ya ce wa mutum “an gama” alhali bai ɗinka hannu ba. Tsakanin layukan bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ɗaukewar wutarsu ta kwaikwayo mai tarbiyya ce, takan jira a gama. Tamu ba ta jiran kowa.

Na duba in ga wane gwani ne ya rubuta layukan. Malam ne.

 Wurin da ake kai rahoton kuskure dandali ne a buɗe, mutane daga ko'ina suna karantawa. Na hango kaina, 'yar aji uku daga Suleja, ina cewa a gaban duniya dattijo ya juya layi. Na kalli Baba yana goge wata riga, na ce ai an riga an koya mini yadda ake yi.

Sai na shiga tattara. Na rubuta wani ɓangare da zai riƙa ajiye kwafi na biyu na kowane fayil a ɓoye. Na rubuta wani da zai duba in an kunna kwamfuta, ya kwatanta na Malam da nawa, in na Malam ya fito fanko ya musanya shi shiru ba wanda ya ji. Wannan ya haifar da wata matsala, na rubuta wani ya rufe ta. Mako huɗu ina wannan aikin lada, layi wajen ɗari bakwai, duk don kada a taɓa layi biyu. Aikin da aka ba ni na asali kuwa yana nan zaune yana jirana. Kuma ba damar in ɗora abin da nake yi a dandali yadda ake so kowa ya yi kullum, don duk wanda ya gani zai tambayi dalili, dalilin kuma Malam ne. Rahotona na kowane mako: “Komai lafiya lau, ana samun ci gaba.”

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba, na yi masa nuni. Na rubuta cewa ɓangaren nasa cike yake da hikima, ina ta nazarinsa. Ya ce: “Na gode.” Bayan mako na sake cewa, da Malam zai samu sarari ya waiwayi tsofaffin ayyukansa, akan dace da alheri a irin haka. In da wani dattijon unguwarmu na gaya wa wannan, da tuni ya gane, ya je ya gyara, ya kuma aiko mini da goro. Malam ya ce: “Ba ni da lokaci yanzu. Ban ga aikinki ba har yau, akwai abin da ya tsayar da ke?” Na ce babu komai. Na ma ji haushinsa, na ce mutum da ilmi haka amma ba ya gane magana.

Saura kwana uku a duba aikin tsakiyar zango, na shiga dandali na ga wani ɗalibi daga wata ƙasar, wanda aikinsa ma ba na fayil ba ne, ya rubuta: “Layukan nan biyu a juye suke. Ga gyara.” Shi ke nan. Ba sallama, ba ina kwana, ba tambayar iyali. Na dafe ƙirji na ce yau za a yi ta. Ko shayina bai huce ba amsar Malam ta shigo: “Kash, kuskurena ne. Madalla da ka gani.” Ya karɓi gyaran, aka sa sunan yaron a kai, mutane suka yi ta sa masa albarka irin tasu. Malam bai mutu ba, bai ko yi zazzaɓi ba.

Ranar dubawa ba wuta, sai na yi maganar da shi ta waya, ina zaune a bencin Baba bayan azahar. Ba ni da abin nunawa sai tattarata, wadda na tura masa da safe kafin a ɗauke wutar. Ya daɗe yana karantawa, har na ɗauka layi ne ya yanke.

“Wannan duka don ki kauce wa layukan nan ne?” ya tambaya.

Na ce eh.

“Tun yaushe kika san a juye suke?”

“Tun mako na biyu, Malam.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Na ce ban so in kunyata shi ba. Da Turanci maganar ta fito wani iri, ni kaina na ji.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce shekaru kuskuren nan na nan ba wanda ya gani, ni ce ta farko, kuma a kan wuta ta gaske, abin da su ba su da shi. Da na rubuta jimla ɗaya a mako na biyu, da ita kaɗai ta kai ni rabin hanya. Ya ce akwai masu ajiye sakamakon bincikensu a kan manhajar, makonnin nan duk suna cikin haɗari ni ina kallo. Ya ce aikina akwai basira a ciki, amma yanzu ba shi da amfani, wanda aka ba ni kuma ban yi ba, don haka ba zai iya cewa na wuce ba. In sake nema baɗi. Baɗi kuwa na gama jami'a, shirin na ɗalibai ne. Na yi masa godiya, har da gaida iyali.

Baba ya tsayar da keke tun da ya ga fuskata. Na ba shi labari da Hausa, ina yi ina goge ido da mayafi, na ƙare da cewa ai yadda ya yi wa maigidansa na yi.

Ya gyara tabarau. “To da kika gyara a ɓoye, kin je kin nuna masa?”

“Nuna masa kuma? Baba, ba rufa asiri ka ce ba?”

“A gaban mai kaya, Uwata. Amma in an tashi rufe shago sai in ɗauko rigar in buɗe masa ciki, tsakanina da shi, in ce Maigida ga inda almakashi ya zame. In ba haka ba ai gobe ma yadin wani zai lalata.”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Malam na da adireshin saƙo nasa na kansa, wanda ba mai gani sai shi. Nan nake tura masa gaisuwar iyali duk mako.

“Baba, shekara ashirin kana ba mu labarin nan, ba ka taɓa kaiwa wurin nan ba!”

“Ba wanda ya taɓa tambaya,” in ji shi, ya mayar da ƙafarsa kan keke.

Wajen la'asar aka kawo wuta. Fankar shago ta fara juyawa, kwamfutata ta tashi da kanta a lungu. Da safe wutar ta ɗauke mata a tsakiyar ajiya, kuma har lokacin layukan Malam a juye suke a cikinta, don ban sauko da gyaran yaron ba, tattarata ce kawai a kansu. Na ja kujera na buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, na duba su har ƙarshe. Ko ɗaya bai lalace ba.