Ƙusar Goggo

Kawuna mai gyaran agogo ya tsufa ne a ɗakin ƙasa na wani tsohon gidan jan bulo. Gida ne mai bango da kaurin kamu biyu, bulon a jere layi ɗaya a tsaye layi ɗaya a kwance, kowace ƙofa da bakan gizo na bulo a samanta. Da hukuma ta ce gidan ya zama na tarihi, Kawu har sabuwar hula ya saya, a zatonsa da shi aka haɗa.

Murna ta koma ciki da aka fara doka. Ba fenti, ba siminti, kuma duk abin da ba na asali ba za a cire shi. Kawu ya bar musu labule, ya bar musu kanta, ko a jikinsa. Abu ɗaya ya hana shi sukuni: wata ƙusa mai tsatsa a ƙarƙashin bakan ƙofarsa. Marigayiya Goggo, matarsa, ce ta kafa ta da taɓarya tana amarya, a karkace, don ta gaji da tsintar hularsa a kan tukunya.

Ranar dubawa wata jami'a ta zo da ma'aikaci riƙe da filaya. Ta yaba bakan ƙofar, ta shafa bulon kamar kan jariri, sai idonta ya sauka a kan ƙusar.

"Baba, wannan kam fita za ta yi."

"To, 'yata, ku cire," in ji Kawu, yana tattara agogunansa cikin kwando. "Amma ku bari in kai bakin titi tukuna."

"Saboda me?"

"Ni dai ban ce komai ba. Abin da na sani, tunda aka kafa ta bakan nan bai taɓa faɗowa ba."

Mai filaya ya ɗaga kai ya dubi bulon da ke saman kansa, ya ce ya tuna bai yi sallah ba. Jami'ar ta dubi kwandon, ta dubi hular da hannun Kawu ke murzawa. Na rantse ta gane, don na ga tana danne dariya.

"A bar ta, ta asali ce," ta ce. "Amma Baba, kayan tarihi ba a rataya musu komai."

Kawu ya ce ya ji. Suna fita ya rataye hularsa, ya daɗe hannunsa na kan ƙusar.

"Kin ji ko?" ya ce a hankali, kamar Goggo na gabansa. "Wai ta asali ce."