Bindigogin Kawu Idi

Washegarin Babbar Sallah ta 1964 na hau saman gidanmu a unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, zan shanya kaya, sai na tarar da Yaya Hamza riƙe da abin da ni ko taɓawa ba a bari na yi. Kawu Idi, ƙanen mahaifiyarmu, yana zaune gabansa, ya baje ƙananan bindigoginsa uku ƙirar Jamus a kan tsohon harami. Ƙarfensu ya yi baƙi sumul, rana tana zamewa a kai.

Kawu tela ne. Ya samo ɗaya a Sudan kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji, biyu kuma wajen wani tsohon Baturke da ya gaje su. Ba harsashi ko ɗaya, kuma Kawu bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Sonsu kawai yake. Yakan ja kunamar ya kara kunne, ya ce, "Ji wannan ƙas ɗin! Maƙerin ya mutu, aikinsa bai gaji ba." Da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, idan labarin ya fita kora ce, shi ya sa Inna take tsaron ƙofa tana mita.

Duk Juma'a Hamza ne mai shafa musu man keke. Ni kuwa sai Kawu ya ce, "Ya walad, kai yaro, hannunka rawa yake, je ka ɗebo ruwa." Sai in saɓi garwa in gangara. Na fi Hamza sanin su. Na haddace lambobin jikinsu, na san wadda ƙotarta ta tsage. Har na sassaƙa tawa da katakon akwatin shayi, yaran unguwa suka yi ta yabo, amma ni na san ba ta da nauyi.

Da Kawu zai koma Kano, ya sayar da biyu, ya damƙa wa Hamza ta ukun, mai doguwar ƙota. Ni aka ba ni hula. Kafin watan ya ƙare Hamza ya musanya ta da tattabaru. Da na tare shi ina kuka, dariya ya yi: "Ai da ka ce kana so."

Yanzu otal ne a inda gidan yake, jikokina kuma a waya suke harbe-harbensu, da Larabci. Hamza ya rasu bara. Na tsaya kan kabarinsa ina nema masa gafara da zuciya ɗaya, amma can ƙasanta yaron nan mai garwa yana nan, bai huce ba.