Hajo Mai Albasa da Akwatin Ɗumame

A Danchadi kowa ya san Hajo mai albasa ba ta sayen buhu sai ta zura hannu har gindinsa. Tun tana yarinya wani ya sayar mata da ruɓaɓɓiya a ƙasa, mai kyau a sama, kuma har yau ba ta huce ba.

Da ɗanta Murtala ya kawo mata maikurowef, injin ɗumama abinci, daga Sakkwato, sai ta tsaya nesa tana hararar akwatin.

"Wanga abu ba wuta, ba hayaƙi, da mi yaka dahuwa?" ta tambaye shi.

Murtala ya ce ta dai guji kwanon ƙarfe. Ya sa malmalar tuwon jiya a tangaran, ya danna. Tuwo ya fito yana tururi, jikoki suka yi tafi. Hajo ta wanke hannu, ta luma yatsa har tsakiyar malmalar. Sanyi ƙalau!

"Na faɗa muku! Halin ɗan kasuwa gare shi, na kirki a sama."

Ba ta mayar masa da kayansa ba. Yanzu in an kawo wuta da safe, sai ta yanyanka tuwon, ta yayyafa ruwa, ta rufe, ta tsayar da injin a tsakiya ta juya, ta sake dannawa. Ɗumamenta ya fi na kowa a unguwar.

Da yake maƙwabta muke, wata rana na ce mata, "Inna, ashe kun shirya da akwatin?"

Ta ce, "Aiki dai muka yi tare. Yatsana bai yi ritaya ba."