Jan Gyale a Bakin Tocila

Yaushe idon Malam na dama ya daina gani, kuma me ya hana shi gaya mini? Har yau ban sani ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna zaune tare a unguwar Sa'alaba ta Jidda, ciwon haƙori ma ba ya ɓoye mini. Wannan kuwa sai gafiya ce ta tona shi. Ina faɗa ina kuka, 'yata tana rubutawa, domin ni ban iya ba.

Da mijina ya bar tuƙi, sai ya koma kiwon tantabaru a saman benenmu. Akwai jajaye guda biyu, irin da mahaifinsa ya bar masa, su kaɗai suka rage. Duk ƙyanƙyasar da suka yi, wata gafiya ta biyo bututun ruwa bayan magariba ta cinye 'ya'yan. Sau uku. Macen ta tsufa. Malam ya ce idan wannan ƙyanƙyasar ma ta tafi, halas, shi ke nan, irin ya ƙare.

Mun ɗana tarko da gyaɗa, ta cinye gyaɗar ta wuce. Guba kuwa ya ƙi, saboda tsuntsayen. Sai ya sayo bindigar iska, mai harba 'yar ƙwayar dalma, ya ɗaure mata tocila a sama da salatif. Zafin Jidda ya saki salatif ɗin, tocila ta karkace. Kuma da ya kunna, farin haske ya faɗa kanta, kafin ya yi saiti ta ɓace. Cikin kwana huɗu ya huda mini bokiti biyu.

Na ce, "Malam, gafiya kake nema ko bokitina?"

Ya ce, "Hajiya, sauka ki duba tukunyarki."

Ban sauka ba. Na daɗe da lura, idan na hau kwashe shanya, jar fitilar shagon maƙwabcinmu tana haska bututun, gafiyar kuma ko kai ba ta ɗagawa. Sai na yanki bakin jan gyalena, na ninka biyu, na rufe gilashin tocilar da shi. Na yanko robar tayar keke, na mayar da tocilar ƙarƙashin bakin bindigar don kada ta tare masa saiti, na naɗe tamau.

Da rana ta faɗi muka kafa murfin gwangwani a jikin katako, bango na bayansa. Dabarata ita ce ya harba, in duba inda ƙwayar ta huda, in cusa tsinken ashana ƙarƙashin tocilar har tsakiyar haske ta haɗu da hudar. Amma harbinsa ya ƙi zama wuri ɗaya. Wannan sama, wancan can gefe. A nan na ga yana karkatar da kai yana leƙawa da idon hagu.

Na sa tafina na rufe masa na hagun. Na ce, "Yatsa nawa na ɗaga?"

Ya janye fuskarsa daga tafina.

"Tun yaushe, Malam?"

Sai ya miƙo mini bindigar. "Yalla, karɓi. Ke da kike zura zare a allura ba tabarau."

Ban taɓa riƙe bindiga ba. Ya gyara mini kafaɗa, ya ce yatsana kada ya kusanci kunama sai na ga abin da zan harba sarai, kuma kada bakin ya taɓa kallon ɗakin tantabaru. Harbi uku na yi, duka suka taru a gefe ɗaya na murfin. Tsinken ashana biyu muka cusa, na huɗu ya shiga tsakiyar haske.

Washegari bayan magariba na durƙusa a bayan tanki, shi yana zaune kusa da ni. Kunnensa ya fi nawa. Yarjejeniyarmu, ba zan kunna ba sai ya taɓa ni. Gwiwata ta yi tsami, sauro ya ci ni ya ƙoshi. Sai na ji hannunsa a kafaɗata.

Na kunna. Ga ta a gindin bango cikin jan haske, tana riƙe da gyaɗa da hannu biyu tana ci, hankalinta kwance. Na yi bisimilla na ja.

Malam ya miƙe yana kabbara har maƙwabcinmu ya leƙo. "Alhaji, lafiya?"

"Lafiya lau! Hajiya ce ta fita farauta!"

'Ya'yan biyu suka rayu. Yanzu jajaye sun cika ɗakin, har sai da aka ƙara musu wani. Idan suka tashi da safe mutanen layinmu suna tsayawa kallo, ni kuma in zauna a kujerarsa in yi ta kuka, domin mai su ba ya nan.

Ranar da za a kai shi asibiti, ana saukowa da shi ya ce a dakata. Ya kama hannuna, ban san ba zan sake jin muryarsa ba.

Ya ce, "Ki rufe musu ƙofa kafin magariba. Bindigar nan kuwa kada ki ba kowa, Hajiya, taki ce."