Ranar da Muka Ji Maganar Yaya

Yayata kurma ce. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, kafin a haife ni, saboda haka ban taɓa saninta da magana ba. A gidanmu na Samaru, can bayan kasuwa, muna da 'yan alamun da muke yi mata da hannu: abinci, ruwa, zo, tafi, an kira salla, Baba na nemanki. In abu ya wuce waɗannan sai a ja hannunta a nuna mata. Mun ɗauke ta mai haƙuri, marar son hayaniya. Inna kullum cewa take, "Wannan baiwar Allah ba ruwanta da kowa."

Ta yi makarantar kurame ta kwana a wani gari, ta dawo gida ta koyi ɗinki. Zannuwan gado take yi da labule da kayan jarirai, matan ma'aikatan jami'a suna biyo ta har gida su saya. Da Baba ya yi ritaya daga gonar gwaji sai ya gina mata ɗaki nata na kanta a tsakar gida, ya ce ko bayan ransa ba mai tashinta. Zancen aurenta kuwa ban taɓa jin an yi shi ba, ko da wasa.

Duk Asabar takan tafi kasuwar Sabon Gari sayen yadi. Da hantsi take fita, sai bayan la'asar ta dawo, mu ce ai sai a hankali, ciniki da kurma ba ya sauri. Wata Asabar, ana gab da babbar salla, Inna ta ce in raka ta don kayan za su yi mata yawa. Yaya ta ɓata rai, ta yi ta kaɗa mini hannu in zauna. Inna ta matsa, muka hau bas tare. Har muka wuce Palladan ba ta kalle ni ba.

Sayen yadin bai ɗauke ta komai ba. Shago biyu ta shiga, ta nuna, aka yanka, aka ɗaure. Na ɗauka tasha za mu koma, sai ta tsaya ta dube ni kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta juya ta bi wani lungu ta bayan masu katako. Na bi ta da ƙunshin kaya a ka.

A ƙofar wani shagon kafinta akwai mutane zaune kan benci a inuwar rumfa, maza a gefe, mata a gefe, sun kai goma sha. Suna hango ta suka ɗaga hannuwa gaba ɗaya. Wata mata ta taso ta rungume ta. Kafin in sauke kayan, Yaya ta fara magana.

Ban san wata kalmar da zan kira shi da ita ba, magana ce. Hannuwanta suna gudu har idona ya kasa bi, girarta na hawa da sauka, ta kumbura kumatu, ta karkace kafaɗa. Can na gane direban bas ɗinmu take kwaikwayo, yadda ya yi faɗa da kwandastansa. Mutanen nan suka ɓarke da dariya, wani dattijo har da dukan cinya. Ita ma ta ƙyalƙyale, dariya mai ƙarfi daga ciki, wadda ban taɓa ji a gidanmu ba. Na tsaya da baki buɗe. Ɗaki ɗaya muka kwana da matar nan shekara da shekaru, ban san tana da barkwanci ba.

Mai shagon ya fito yana karkaɗe garin katako daga rigarsa. Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa. Ya gaishe ni da hannu a ƙirji, ya sa aka kawo mini lemo. Bai zauna kusa da Yaya ba, amma duk abin da za ta faɗa sai ta waiga ta ga ko yana kallo, kuma kullum yana kallo. Ko ba a gaya mini ba na gane. Sai a lokacin na tuna yadda take jingina wayarta da keken ɗinki ta rufo ƙofa. Mu muna cewa fim take kallo, ashe hira suke ta bidiyo.

A hanyar dawowa ta ɗora yatsa a leɓenta. Na gyaɗa kai. Ban daɗe ina riƙe sirrin ba, domin bayan salla kawun kafintan ya zo daga Muchia da wasu dattawa biyu, suka yi sallama da Baba.

Baba ya shigo gida fuskarsa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce da Inna, "Wai aurenta suke nema. Kuma shi ma yaron kurma ne, tun haihuwa."

Inna ta dafe ƙirji. "A ina ya san ta?"

"Abin da na tambaya ke nan. Wai sun fi shekara uku tare."

Baba bai yi faɗa ba, tsoro ne ya kama shi. Cewa yake, in gobara ta tashi wa zai ji ihun maƙwabta, in ɓarawo ya shiga wa zai ji, in ya cuce ta da wane baki za ta kawo ƙara. Ya ce ba zai ba da ita ba sai ya tabbata ta san abin da ake nufi da aure. Kawun ya ce akwai wata malama a Palladan da ke yi musu tafinta a asibiti da kotu, in Baba ya yarda za a zo da ita, ya tambayi 'yarsa da kansa.

Wata ranar Lahadi suka zo, bayan azahar, Malamar ta taso daga coci. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar kudancin Kaduna, iyayenta duka biyu kurame ne, ta ce da hannu ta fara magana kafin baki. Kafintan da kawunsa suka zauna a waje kan tabarma, mu muka shiga falo: Baba, Inna, Yaya, ni da Malama. Malama ta ce, "Baba, duk abin da ta faɗa haka zan faɗe shi, kamar ita ce ke magana. In kun ji na ce 'ni', ita ce. Ku dube ta, kada ku dube ni."

Baba ya gyara murya. "Tambaye ta, ta san yaron nan?"

Hannuwan Yaya suka motsa, muryar Malama ta biyo su.

"Baba, na san shi. Na san gidansu, na san mahaifiyarsa, na san abin da yake samu da abin da ba ya samu. Yana da zuciya, amma ba ya riƙo. Ni na ce ya turo. Na gaya masa in bai turo bana ba, kada ya ƙara kirana."

Tsigar jikina ta tashi. Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Baba ya zuba wa 'yarsa ido kamar yau ya fara ganinta. Ya jero tambayoyinsa, tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, har da cewa barci ba ya hana ta jin warin hayaƙi, kuma sau biyu ita ta tashi Inna da aka manta tukunya a wuta. Baba ya yi murmushi bai shirya ba. Na fara jin daɗi, na ce yau komai zai tafi daidai.

Sai ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. A kira babban yayana ya zo bikina. Ko me ya yi wa Baba, a yafe masa haka nan. Shekarun sun yi yawa. Ko hotonsa ba a turo mini ba, ko lambarsa an hana ni."

Inna ta dubi Baba.

Wanmu, ɗan farin Inna, ya rasu fiye da shekara goma kafin wannan rana. Hatsarin mota ne a hanyar kudu, can aka binne shi, Baba kaɗai ya je. A lokacin Yaya tana makarantar kwana, kuma aka ce kada a ɗaga mata hankali sai ta zo hutu. Duk gidan shi ya fi shaƙuwa da ita, shi yake kai ta makaranta ya ɗauko ta. Da ta dawo ta leƙa ɗakinsa ba ta gan shi ba, Inna ta riƙe ta tana kuka, ta nuna hotonsa, ta nuna sama, ta ɗaga hannu alamar addu'a. Yaya ta yi kuka kwana da kwanaki. Kowa ya ce ta gane.

Malama ta ga yadda fuskokinmu suka canza, ta sauke hannuwanta. Ta ce a hankali, da muryarta ta kanta, "Baba, ina yake?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "Ya rasu. Tun tana makaranta."

"Wayyo Allah," in ji Malama. "Ba ta sani ba?"

"Na gaya mata!" Inna ta faɗa da ƙarfi. "Wallahi na gaya mata. Na nuna mata sama."

Yaya tana bin bakunanmu da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa gwiwar Malama tana tambaya. Malama ta yi mata wata tambaya, ta amsa, Malama ta juyo idonta cike da hawaye. "Ta ce da aka nuna mata sama, jirgi ta ɗauka ake nufi. Yayan nata ya sha gaya mata zai tafi Saudiyya neman aiki. Ta ɗauka ya tafi ba da yardar Baba ba, shi ya sa Inna ke kuka duk lokacin da ta nuna hotonsa, shi ya sa ita ma ta daina tambaya."

Baba ya ce, "Gaya mata."

"A'a, Baba. Ku za ku gaya mata. Ku faɗa, ni hannu kawai zan ara muku."

Baba ya sauko daga kujera ya durƙusa a gaban Yaya, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Yayanki bai yi mini laifin komai ba. Allah ya karɓi abinsa. Ya rasu a hatsarin mota, ni na sa shi a kabari da hannuna."

Ina kallon hannuwan Malama. Alama ce ƙarama, tafi ɗaya a buɗe, ɗaya a kife, ta juya su. Shi ke nan. Abin da ya gagare mu shekara goma bai ɗauki ƙiftawar ido ba.

Ƙarar da Yaya ta yi har yau tana kunnena. Ba ta san ƙarfin muryarta ba, ta sake ta gaba ɗaya, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Inna ta kai hannu za ta riƙe ta, ta fizge. Ta fita ba takalmi, ba mayafi, ta zube a ƙofar gida. Na bi ta da hijabi.

Kafintan ya miƙe a firgice. Ta yi masa alamar nan sau ɗaya, ta sake, ta sake. Bai taɓa ta ba. Ya zauna a ƙasa a gabanta, cikin ƙura, da fararen kayansa na zuwa gidan surukai, ya sa fuskarsa daidai tata. Ya bar ta ta yi ta faɗa, yana gyaɗa kai, hawaye na zuba masa. Can ya fara ba ta amsa a hankali. Na tambayi Malama me yake cewa. Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne in fassara." Baba yana tsaye a bakin zaure yana kallonsu har aka kira la'asar.

Washegari da safe mutane suka fara sallama. Kurame ne, daga Muchia, daga Jama'a, daga cikin birni, wasu a kan babur, wasu da goyo. Matan suka cika ɗakin Yaya har tsakar gida, mazan suka zauna da Baba a waje, suna ɗaga hannu suna shafa addu'a. Wata ta zo da kular dambu, wata da kunu. Maƙwabciyarmu ta shigo da sauri tana tambayar wa ya rasu. Inna ta ce, "Ɗana." Matar ta dube ta kamar ta taɓu. Kwana uku aka yi ana wannan zaman, gida cike da jama'a amma ba ka jin komai sai motsin tufafi da shessheƙa. Inna ta zauna a cikinsu ta yi kukan ɗanta sabo.

A rana ta uku Baba ya aika wa kawun cewa ya ba su.

Yaya ta daɗe ba ta haɗa ido da Inna ba. Ba ta yi rashin kunya ba, tana gaishe ta, tana karɓar abinci, amma iyakarta ke nan. Sai ana saura 'yan kwanaki biki ta sa aka sake kiran Malama, suka shiga ɗaki su uku suka rufe ƙofa tun safe har azahar. Ban san abin da aka faɗa ba. Inna ta fito idanunta a kumbure, ta ce da ni, "Ashe yarinyar nan tana tuna muryata. Ta ce tana tuna waƙar da nake yi mata in ina yi mata kitso."

An ɗaura aure bayan damina, ta tare a Muchia. Wata biyu da tarewa mijin ya rufe shago, ya karɓi kwatance wurin Baba, suka hau mota su biyu zuwa garin da aka binne wanmu. Baba ya so in bi su saboda tambayar hanya, Yaya ta ce ba sa bukata. Sun sami maƙabartar, amma mai gadin da ya san wurin ya rasu, ciyawa ta rufe ko'ina, ba wanda ya iya nuna musu kabarin. Ta ce sai suka tsaya daga bakin shinge, mijin ya yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin, ita tana shafawa. Suka kwana a gidan limamin garin, da safe suka kamo hanyar Zariya.