Kunun da Ya Je Fatakwal Bai Huce ba

Ƙarar tarhon falo ce ta fara komai, ina tsakiyar tsince shinkafa. Surukina ne daga Fatakwal. 'Yata ta fari, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, ta sauka lafiya, an samu namiji. Sai ya rage murya.

"Umma, ta ƙi cin komai, ruwan nono kuma bai zo ba. Kununki na kanwa kawai take kira."

Na taɓa zuwa Fatakwal a doguwar bas zamanin soja. Yini da kwana muka yi, shinge bayan shinge, ƙafafuna suka kumbura kamar turmi. Maigida ya ce wannan karon jirgi zan hau, ko da tikitin zai ci kuɗin ɗan maraƙi.

Mun tashi da asuba ni da autana. Tun kafin assalatu na dama kunun, na wadata shi da citta da kanunfari da masoro, na ɗura a fulas. Har dambun nama na ƙulle na guzurin kwana biyu, saboda sabo. Muka ratso lungunan unguwarmu Koki, masu ƙosai na hura wuta, muka fita ta Ƙofar Mazugal.

A filin jirgi wani ma'aikaci ya buɗe fulas ɗin, ya shaƙi ƙamshi, ya yi dariya. "Hajiya, wannan ai na mai jego ne. Allah Ya raya."

Da jirgi ya ɗaga na runtse ido ina salati. Da na buɗe, ga Dala da Goron Dutse kamar tsibin gyaɗa, badala kamar zare. Muka huda gajimare, fari tas kamar an baza auduga. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore mana wannan. Aka kawo shayi a ɗan kofi irin na wasan yara, da biredin da bai kai loma biyu ba. Muka ɗan tsaya Abuja, sannan ƙasa ta koma kore shar, koguna sun rarrabu kamar jijiyar ganye. Fulas yana cinyata, ina ta taɓa shi.

Hantsi bai gama ba muka sauka cikin yayyafi. Ko dambun ban kwance ba. Da azahar har kunyar yin ƙasaru na ji, don ban gaji ba, sai surukina ya tuna mini cewa da nisa ake yin ta.

Yarinyar nan ta rame, idanu sun faɗa. Na murɗe murfin fulas, tururi ya tashi. Ta dube ni, ta fashe da kuka, ta shanye kofi biyu. Washegari jariri ya kama nono ya ƙoshi, na yi sujjadar godiya.

Sai bayan arba'in na dawo Koki. Na koyi cewa nisan da na daɗe ina fakewa da shi tsoro ne kawai. Har yanzu ina jin muryar yayar jaririn, 'yar shekara huɗu, ta riƙe mini mayafi ranar da zan taho:

"Kaka, tunda kunu ba ya hucewa a hanya, gobe ma ki kawo mana na safe."